Ɗakin da Kafinta Ya Gina wa Lasifika

Akwai mutanen da hannunsu ba ya iya zama wuri ɗaya, Kafinta kuwa yana cikinsu. Shekara arba'in da bakwai yana yanka katako, har ta kai ba ya iya ganin abu a tsaye tsirara cikin ɗaki bai yi masa gida ba. Agogon bango akwati gare shi. Rediyo akwati gare shi. Hatta tsintsiyar matarsa sai da ya ƙera mata majingina a bayan ƙofa, da ɗan murfinta. 'Ya'yansa kan ce da Baba zai samu dama, da su ma ya auna su ya jera a kabad.

To, ranar Litinin da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gida, aka sauke lasifika biyu, dogaye, baƙaƙe, kowace ta wuce masa ƙugu. Auta ce ta aiko su, 'yarsu ta ƙarshe, likitar dabbobi, wadda aiki ya kai gari mai nisa. Dalilin aiken ba ɓoyayye ba ne. Ranar Asabar da ƙarfe huɗu na yamma gidan talabijin zai sa ta a shirin kiwo, kai tsaye, ta yi bayani kan cutar da ke kashe kaji. Uwarta kuma, wadda kowa ke kira Inna har shi mijin nata, shekara uku ke nan kunnenta ya yi nauyi. Ƙara tana ji, rarrabe magana ne ya gagara. Talabijin ɗin falo irin mai faɗin nan ne marar kauri, muryarsa kamar sauro a cikin gwangwani. Tun tana cewa "me ya ce?" har ta gaji ta daina, ta ɗauke 'yar kujerarta ta tsugunno ta koma bakin ƙofar kicin, tana hangen hoto daga nesa.

"Baba, so nake Inna ta ji ni da kunnenta," in ji Auta a waya. "Ba na son a ba ta labari."

"Za ta ji," ya ce. Shi kuwa mutum ne da ba ya faɗin magana sau biyu.

Inna ba ta gida lokacin da aka kawo kayan, ta tafi duba ƙanwarta. Masu kawowa, maza biyu, suka sa igiyar wutar kowace lasifika a soket, suka soka wani ɗan abu kamar kwalin ashana a bayan talabijin, shi ke nan. Ɗayansu ya danna wayarsa, waƙa ta cika falon tas, kamar mawaƙin yana zaune a kan kushin. Kafinta ya zagaya bayan lasifikan, ya leƙa, ya sake zagayawa.

"Ina igiyar da ta haɗa su da talabijin?"

"Babu, Baba. Ta iska maganar ke bi."

"Iska. To, Allah ya kyauta."

Suka ajiye su taku guda daga bango, suka ɗan karkato fuskokinsu ciki. Da za su fita babban ya ce, "Baba, a bar su yadda muka ajiye su. Kada a matsa su jikin bango."

Kafinta ya ce, "To."

Amma "to" ɗin Kafinta iri biyu ne, kuma wannan ba na yarda ba ne. Motar ba ta gama fita layi ba ya tsaya yana duban abin da aka bar masa. Kaya masu daraja a tsakiyar hanya, a karkace, inda tsintsiya za ta buge su, jikoki su ture su. Abin da ya fi ci masa rai, a bayan kowace akwai rami wanda dunƙulen hannu zai shiga. Ƙofar ɓera ke nan, ƙiri-ƙiri. Ya girgiza kai. Masu kamfani sun iya lantarki, ya ce a ransa, amma akwati ba su san kansa ba. Ya zare igiyoyin, ya lulluɓe lasifikan da zanen gado, ya ciro tef ɗin awo daga aljihu.

Kwana biyu ya yi yana aiki. Ya fito da katakon nan ja da ya ɓoye shekara goma sha ɗaya yana jiran aikin da ya cancance shi. Ya gina dogayen ɗakuna biyu, ɗaya a daman kabad ɗin talabijin ɗaya a hagu, kowane da bayansa da rufinsa, da ƙofa mai siraran sanduna jere a jere, ya goge su har fuska na fitowa a jiki. Da ya zura lasifikan ciki, ko takarda ba za ta shiga tsakani ba. Ramin ɓera ya toshe, falo ya yi tsaf. In dai ido ne alƙali, ba a taɓa aiki irin wannan a layin ba. Sai dai ba ido aka gayyata ba.

Ranar Laraba da la'asar ya kira Inna, ya kunna labarai. Ta jawo 'yar kujerarta ta zauna a inda ta saba.

Murya ta fito, bum, bum, bum, kamar mutum na magana daga ƙasan rijiya. Faranti da kofunan da ke cikin kabad suka kama rawa, gilashi na zizza. Kafinta ya ƙara murya. Rijiyar ta ƙara zurfi.

"Yaya, Inna?"

"Ya yi, Malam. Aiki ya yi kyau. Sannu da ƙoƙari."

Ya ɗan saki rai, ya ce wataƙila haka sababbin kaya suke, sai sun saba da gida. Ana haka mai karanta labarai ya shiga bayanin wata gada da ta karye, mutane suka jikkata. Shi kansa Kafinta sai da ya kasa kunne sosai kafin ya tsinto zancen. Ya waiwaya, sai ya ga Inna tana murmushi tana gyaɗa kai, tana cewa, "Madalla, madalla."

Ya kashe talabijin. Shekara arba'in da uku suna tare, bai taɓa jin ta ce madalla a kan asarar wani ba.

Washegari tun da safe ya tsallaka titi zuwa shagon Mai Rediyo. Wannan tsoho ne kamarsa, mai gyaran kayan sauti, shagonsa na kallon na Kafinta fiye da shekara talatin, kuma a tsawon shekarun nan ba su taɓa gaisawa ba tare da tsokana ba.

"A'a, Sarkin Ƙusa da kansa! Wa ya mutu?"

"Kai za ka mutu, mai ƙona kayan mutane. Tashi ka zo ka ga abin da aka sayar wa yarinya. Kayan banza, sai kumburi."

Mai Rediyo ya ɗauki gilashinsa ya biyo shi. Da ya shiga falo ya tsaya, ya dubi kabad, ya dubi Kafinta, ya tambaya, "Ina lasifikan?"

"Ga su nan a ɗakinsu."

Mai Rediyo ya buɗe ƙofar sandunan, ya leƙa, sannan ya zauna a hannun kushin ya yi dariya har da tari. "Wayyo Allah cikina! Ka binne su da ransu, har da likkafani ja! Inna, fito ki ga mijinki, garin gyaran gira ya tsone ido."

"Ka gama?" in ji Kafinta.

"Ban fara ba. Ramin nan da ka toshe hancinsu ne, ta nan suke numfashi. Wannan ɗan ƙaramin idon na sama kuma, shi ke ɗauke da bakin magana, duk abin da ke sa ka bambance kalma da kalma. Tafiyarsa miƙe take kamar hasken tocila, in bai haska kunne ba, ya wuce. Kai kuwa ka jera masa sanduna a fuska kamar fursuna."

"Surutu. Ni na san katako. Katako mai kyau ba ya ɓata murya."

"Ka san katako?" Mai Rediyo ya miƙe. "To yaya kake yi in za ka sayi ƙofa, ka san ko cikinta fanko ne?"

"Ƙwanƙwasawa nake."

"Bismilla. Ƙwanƙwasa naka."

Kafinta ya lanƙwasa yatsa ya bugi gefen ɗakin da ya gina. Dum. Ya bugi ɗayan. Dum. Kunnen da ya yi shekara arba'in da bakwai yana tona asirin aikin wasu, yau ya tona nasa. Ganguna biyu ya ƙera, manya, ya sa lasifikan a ciki suna kaɗa su. Wanzami dai ba ya son jarfa. Ya ji abin har ƙashinsa, amma bai musa ba.

Bayan Mai Rediyo ya fita, ya sami Inna a kicin tana wanke tukunya. Ya tsaya gabanta yadda za ta ga bakinsa.

"Jiya me mai labarai ya ce?"

Ta ci gaba da cuɗa tukunya. Can ta ce, "Ban ji ba, Malam."

"To me ya sa kika ce ya yi?"

"Kwana biyu kana tsugune da wannan bayan naka. Katakon da ka hana kowa taɓawa ka yanka. In ce maka me?" Ta ɗauraye hannu. "Ka bar aikinka yadda yake, ya yi wa falo kyau. Ni na saba. Leɓenta zan duba, ai 'yata ce, zan tsinci wani abu. In ta tambaya in ce na ji."

"Ki yi wa yarinya ƙarya?"

"Ƙaryar uwa ai ba ta kai kotu."

Ya dube ta da kyau. Sai yanzu ya lissafa sau nawa a shekara ukun nan ta ce masa "haka ne" alhali ba ta ji abin da ya faɗa ba, shi kuma ya karɓa ya wuce abinsa don ya fi sauƙi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in ji masu magana, amma akwai mai ɗakin da ke kwana a gefen da babu ɗiga.

"Na ce wa Auta za ki ji," ya ce. "Ban ce za ki tsinta ba."

Ya ɗauko hama. Tunda yake bai taɓa zare ƙusar da shi ya buga ba, har yana yi wa masu yin haka kirari da 'yan gwada sa'a. Ranar ya zare sittin da huɗu, yana jera su a faranti. Ya ɓamɓare rufi, ya cire ƙofofin sanduna, katakon ja na kuka a hannunsa. Inda gam ya kama sosai sai da ya sa zarto. Kafin rana ta faɗi lasifikan sun dawo tsirara a tsakar falo yadda aka kawo su, ƙura da garin katako ko'ina.

Ranar Juma'a aka shiga aikin gaske. Ya kwashe faranti da kofuna daga kabad ya kai kicin. Ya tafa hannu a tsakiyar falo kamar yadda Mai Rediyo ya nuna masa, ya ji tayil da bango suna mayar masa da tafin, sai ya jawo babbar darduma daga ɗakin kwana ya shimfiɗa, ya saki labulen taga har ƙasa. Ya ɗauko 'yar kujerar Inna daga bakin ƙofar kicin ya dasa ta a tsakiya, daidai gaban talabijin. Sannan ya yafa tawul a fuskar talabijin ɗin.

"Wannan kuma na mene ne?" in ji Inna.

"Don kada ki yi mini satar amsa a leɓen mutane. Zauna. Abin da kika ji ki maimaita."

"Yau ni ce 'yar makaranta?"

"Ke ce ma'aunina. Ma'auni kuma ba ya surutu."

Haka suka wuni. Ya matsa lasifika inci biyu, ya zana gindinta da alli, ya kunna, ta maimaita abin da ta ji. Ya karkata ta kaɗan, ya sake zanawa. In wuri ya fi na baya ya bar zanen, in ya gaza ya goge da tsumma. Da farko a cikin kalma goma tana kama biyu. Mai talabijin ya ce farashin taki ya tashi, ta ce an yi wa wani aski. Kafinta bai yi dariya ba, ita ce ta yi, har tana share ido da gefen mayafi. Zuwa azahar tana kama biyar. Sannu ba ta hana zuwa. Zuwa la'asar, da lasifikan suka tsaya taku ɗaya da rabi daga bango suna kallon kujerarta, ta maimaita masa jimla uku a jere ba tuntuɓe.

Ya fara tattara alli ke nan sai mace ta karɓi karatun labarai. Inna ta karkata kai, ta runtse ido, sannan ta ce, "Wannan kam tsuntsuwa ce. Ba na kama ta."

Auta mace ce, muryarta siririya, ga sauri kamar ana korarta. Kafinta ya tsaya yana duban lasifika, yana duban matarsa, sai maganar tocilan nan ta dawo masa. Ya ja tef daga ƙasa zuwa ɗan idon sama: inci talatin da takwas. Ya zo ya durƙusa gefen Inna, ya ɗora bakin tef a ƙasa, ya ja har kunnenta.

"Malam, lafiya? Akwatin nawa za ka fara?"

"Tsaya cak."

Inci ashirin da bakwai. Maganar duk ta kan ɗankwalinta take wucewa. Kushin ba zai yi ba, in ta nutse a ciki gwiwarta ba ta bari ta tashi. Bencin shago ya yi tsawo da inci biyar. Wani mutum da sai ya tara matasan kai a kan kujera ya ce ya gama. Kafinta ba wani mutum ba ne. Ya dubi tarin katakon ja da ke jingine a baranda, da raunin ƙusa a jikinsa.

Ranar Asabar gari na wayewa ya hau aiki. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma wanda ya ɓata kwana biyu yana gina ganga ba shi da bakin kawo wannan karin magana. Ya yanka ƙafafu huɗu, ya fitar da mazauni daga rufin ɗakin lasifika, siraran sandunan ƙofa suka zama majingina. Ya yi mata matakin ɗora ƙafa saboda gwiwa. Bayansa na sara, bai zauna ba. Inna ta kawo masa abinci ya huce a inda ta ajiye. Ƙarfe uku da rabi ya shigo da kujerar, ba fenti, ramukan tsofaffin ƙusoshi a fili, abin da da can ko a mafarki ba zai bari ya fita daga hannunsa ba. Ya dasa ta a kan zanen alli, ta hau, ya auna. Talatin da takwas cif.

Babu lokacin gwaji, don a tashar ana ta tallace-tallace da kiɗa. Mai Rediyo ya shigo ba sallamar kirki, ya raɓe a kushin yana cewa ya zo ganin ko gawa ta tashi. Kafinta ya cire tawul daga fuskar talabijin ya tsaya a bayan kujerar, hannu a aljihu yana murza tef.

Ƙarfe huɗu Auta ta bayyana, da farar riga, tana gyara zama. Mai gabatarwa ya yi tambaya, ta fara magana, da saurin nan nata. Kafinta ba ya kallon talabijin, ƙeyar matarsa yake kallo. Ba ta gyaɗa kai ba. Ba ta yi murmushi ba. Ta yi tsit kamar an dasa ta. Minti ɗaya, minti biyu. Ya kasa haƙuri, ya sunkuyo.

"Inna, kina..."

Ta ɗaga hannu ba ta waiwayo ba. "Yi mini shiru, Malam, yarinya na magana."

Ya koma ya miƙe. A talabijin Auta tana cewa in an sayo sababbin kaji a ware su kwana bakwai kafin a haɗa su da na gida.

"Bakwai?" Inna ta buga cinya. "Ji 'yar nan! Sati biyu na koya mata, tana wannan tsawon tana riƙe mini kwando. Bakwai a gidan wa?"

Kamar ta ji, Auta ta ɗan tsaya, ta ce bakwai shi ne mafi ƙaranci, amma mahaifiyarta sati biyu take yi, kuma ba ta taɓa asarar kaza ba.

"Yauwa," in ji Inna. "Yanzu kika yi magana."

Mai Rediyo ya buɗe baki zai yi tsokana, ya dubi fuskar abokinsa, ya rufe. Kafinta ya zauna a hannun kushin a hankali, don sai yanzu bayansa ya samu damar kai ƙara.

Shiri na ƙarewa waya ta yi ƙara. Kafinta ya ɗauka.

"Baba, ta ji?"

"Ta ji. Ki shirya, akwai shari'ar kwana bakwai tana jiranki."

Inna tana daga kan kujerarta ba ta sauko ba. Ta ce wa Mai Rediyo, tunda an ce abin nan yana ɗauko waƙa daga waya, ya nemo mata irin na da, masu baiti, ta ji ko har yanzu tana riƙe da su. Yana cikin dannawa ta nuna ƙasa. "Wannan allin fa, Malam? Gobe zan goge falo."

"Kada ki taɓa shi sai na dawo."

Ya fita baranda, suka ji zarto. Can ya shigo da 'yan guntayen katako ja guda takwas, kowane bai wuce yatsa ba, ya durƙusa yana manna su a ƙasa, huɗu huɗu, a kusurwoyin gindin kowace lasifika, daidai kan zanen alli.

"Sarkin Ƙusa," in ji Mai Rediyo, "ka fara ko?"

"Harsashin gini ne kawai. Ba bango, ba rufi."

"Mu dai gani."

"Ku rage surutu," Inna ta ce, "ana waƙa."